Jawabin Kawu a Kalmalo

Illela, Litinin.

Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan ciwon ƙafar ya yi sauƙi.

Yaya, na shiga tsaka mai wuya. Ka san zangon nan ina koya wa ɗalibai shahararrun jawabai, muna feɗe su kamar kifi: inda mai magana ke nanata kalma, inda yake yabon jama'a kafin ya roƙe su. Kawu Maccido ya ji labari. Yana son fadamar Kalmalo ya gina sito, sai ya ce in rubuta mashi abin da zai faɗa wa manoma. Mutumin da ya rene mu, kuma a gidansa nike zaune da Kubra da yara, mi zan ce?

Na rubuta, har da gwaninta. Na sa ya fara da ambaton kakanninsu, sannan ya tambaya ko akwai mai ƙin ci gaban garinsu. Daga nan ni kuma in ja Fatiha nan take. Ka san in an shafa, magana ta ƙare. Haka aka yi. Asabar za a koma manoman su dangwala yatsa kan takardar yarda.

Ƙaninka,
Sufyanu.

Illela, Alhamis.

Yaya,

Bayan gaisuwa, abin ya biyo ni har aji. Na ce kowa ya feɗe jawabin da ya ji da kunnensa, sai ɗalibata Humaira ta kawo na Kawu. Ashe babanta, Malam Dabo, yana da gona a fadamar. Ba dabarar da ta tsere mata. Ta rubuta cewa babanta ya ɗaga hannu zai yi magana, sai ya ji Fatiha, dole ya juya tafin hannun sama.

Ba ta san ni na rubuta ba, ta zaci sa ni kawai aka yi in ja addu'a. A ƙasan takardar har tana roƙon in koya mata yadda ake amsa irin wannan jawabi. Na ba ta maki cikakke.

Naka,
Sufyanu.

Illela, Lahadi.

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Jiya Kawu ya sake jefa tambayarsa, ya waiwayo ya dube ni. Na bar hannuwana kan gwiwa, ban ja Fatiha ba. Shirun bai fi na shan ruwa ba, amma ya ishi Malam Dabo miƙewa. Ba ya da dabara ko ɗaya, cewa kawai ya yi albasar fadamar nan ke ciyar da gidansa. Babu wanda ya dangwala.

Yau na gaida Kawu sau uku bai amsa ba, da la'asar ya aiko a karɓi makullin sashenmu. Na duba duk jawaban da nike koyarwa, ban samu wanda zan yi wa Kubra ba. Ga ta nan tana ɗaure tukwane.

Ko ɗakin zaurenka yana nan babu kowa?

Ƙaninka,
Sufyanu.