Hula a Kan Makunnin Inji

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, in dai ana samun lafiya a gidan yari. Sau biyu ina zuwa ƙofa ana mayar da ni, wai sai an gama bincike. Shi ya sa na ɗauki biro.

Abokin aikinka Dogo yana nan da rai, amma bai farfaɗo ba. Yau kwana tara ke nan. Likita ya ce ƙashin kansa ya tsage a wuri biyu. Lauya kuma bai ɓoye mini komai ba: in Dogo ya tashi, shari'ar rauni za a yi maka, in ya cika kuwa, ta kisan kai ce. To ka ji inda zuciyarka ta ajiye mu.

Shekaranjiya da hantsi ƙannen Dogo biyu suka shigo shagona ba ko sallama. Suka kifar da keken ɗinkina, suka tattake kayan mutane da ke kan tebur. Maigidana ya fito yana ba su haƙuri, ɗayan ya kai masa naushi a baki, haƙori ɗaya ya fita. Mutumin da ko kaza sai an yanka masa! Ban kai ƙara ba. Da wane bakin zan kai?

Auta, tun kana yaro na san kai sarkin fushi ne, amma ban taɓa zaton abin zai kai nan ba. Shekara goma sha ɗaya kuna aiki tare a gidan burodi, kwano ɗaya kuke ci, shi ya tsaya maka ranar da muka binne Baba. Shi ka ɗauki ƙarfe ka rafka wa? Ka rubuto ka gaya mini dalili, don har yanzu kaina bai ɗauka ba.

Na aiko maka da sabulu da riga biyu. Allah ya sassauta.

Taka,
Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙo, na gode. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Ki ba maigidanki haƙuri, haƙorinsa yana wuyana.

Kin ce in faɗi dalili. Dalili yana hannuna na dama, yatsa biyu suka rage a cikin biyar.

Ke ba ki san aikinmu ba. Injin murza kwaɓi ƙarafa biyu ne masu juyawa, duk abin da suka kama sai sun haɗiye. Makunninsa yana bayan ginshiƙi, wanda ke tsaye a can ba ya ganin wanda ke gaban inji. Don haka muna da doka ɗaya: duk mai sa hannu ya kankare ƙarafan, sai ya rataya hularsa a kan makunni. Ka ga hula, ko uwarka ce ta ce ka kunna, ba ka kunnawa. Ni da Dogo muka kafa dokar nan.

Ran nan an ɗauke wuta, na rataya hulata, na shiga kankara. Wuta ta dawo, Dogo ya kunna. Yaya, na ji ƙarar ƙashina kafin in ji zafi. Na ga kwaɓin da ya rage ya koma ja. Har yau in na rufe ido sai in ji ana jan hannun.

Wata biyu ina jinya, kullum sai ya zo ya zauna kansa a ƙasa, ina jira ya ce na yi kuskure, bai ce ba. Ranar da na koma gidan burodi na tarar an sa wani a gurbina, Dogo yana tsaye kusa da shi har da dariya. Na ce, "Dogo, ka ga hulata ran nan ko ba ka gani ba?" Ya ce, "Auta, Allah ya ƙaddara, mu bar maganar nan." Mu bar maganar! Kamar gwangwani na yar, ba hannu ba.

Ƙarfen tura itace cikin tanda yana jingine a bango. Na ɗauka da hagu. Na farko a kafaɗa, ya durƙusa. Ko hannu bai ɗaga ya kare ba, kallona kawai yake yi, wannan ya ƙara tunzura ni. Na biyu da na uku a kai. Sai da mutum huɗu suka danne ni.

Ba na so ya mutu. Amma in kina jiran in ce na yi nadama, za ki daɗe kina jira.

Ki gaishe da yara.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarka ta kwana uku a cikin jakata, ina ɗaukowa ina mayarwa. Yau dai zan faɗa, ko da za ka daina ce mini Yaya.

Ba ka rataya hular ba.

Ranar da inji ya kama ka, Dogo ne ya kashe shi, ya warware ƙarafan da sifana, ya goya ka har bakin titi. Da na iso asibiti na same shi a baranda, jininka har cikin takalminsa. Ya miƙo mini kayan da aka cire maka. Ya zura hannu a aljihun wandonka ya zaro hular, a duƙunƙune, jiƙe da gumi. Ya ce, "Yaya, na duba makunni, wallahi babu komai a kai. Ga ta nan. Amma don Allah kada ki gaya masa. Mai gidan burodi in ya ji zai ce gangancinsa ne, ya sallame shi. Kuma mutum ya rasa hannu, a ce masa shi ya jawo wa kansa? Bari ya warke tukuna."

Na yi masa alkawari, na kuma riƙe. Na ga kana hararar sa a asibiti, na ce zafin ciwo ne, zai wuce. Da na buɗe baki tun a lokacin, da yanzu yana gidansa yana wasa da 'yarsa. Kai ka ɗaga ƙarfe, amma shiruna ma yana da kaso, kuma abin yana cin raina.

Kullum da rana nakan rufe shago in je asibiti. Ranar farko matar Dogo ta ɗauke ni da mari a gaban mutane, har ɗan kunnena ya yi tsalle. Na sunkuya na ɗauka, na zauna a benci. Rana ta biyu ta zage ni tas, ta haɗa da iyayenmu da ke kabari. Rana ta huɗu ma'aikaciyar jinya ta ce a juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ita kuma ba ta iyawa ita kaɗai, ka san Dogo ba ƙaramin mutum ba ne. Ta kalle ni ta ce, "Ke, kama ƙafafun." Tun ran nan tare muke juya shi. Ba ta yi mini magana, amma jiya ta tura mini rabin abincinta da gefen ƙafa, ni kuwa na cinye ina share hawaye.

Na lura da wani abu. Da can in na buɗe shago da safe mita nake yi, zare ya tsinke, mai kaya ta cika surutu. Yanzu da aka gyara keken, ranar da na ji ƙararsa sai da na yi hamdala a fili, har maƙwabciyata ta leƙo ta ce ko kyauta na ci.

Ka yi tunani da kyau, ka tuna ranar nan. Allah ya ba mu mafita.

Yayarka

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Na san kin yi ta zuba ido, sati uku ba amsa. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki da yara.

Da na karanta wasiƙarki na ce ƙarya kike yi, sun saye ki. Na yayyaga ta. Da safe a layin ruwa wani ƙato ya ture bokitina ya ce, "Matsa can, mai ƙaho biyu," yana nuna hannuna. Na kai masa karo da ka a hanci, na ji ya fashe. Abokansa suka rufe ni da duka, da ƙafa da bokiti, har haƙarƙarina biyu suka tsage. Gandirobobi suka zo suka ƙara mini da kulki, suka jefa ni ɗakin horo kwana bakwai.

A can babu kowa sai bango. Rana ta uku zafi ya ishe ni, na kai hannu kaina don in cire hula in share fuska, kamar yadda na saba. Sai komai ya dawo. Ran nan ma zafi ake yi, fanka ta tsaya. Na cire hula na share wuyana, na ce ai babu wuta, minti biyu ne, na cusa ta a aljihu. Sau dubu na rataya ta, shi ya sa idona yake nuna mini na rataya. Yaya, na buga kaina a bango har sai da gandiroba ya leƙo. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka yanke yatsuna.

Da aka mayar da ni ɗaki ko riga ba na iya sawa. Akwai wani tsohon direba a kusa da shimfiɗata, shekararsa shida a nan. Bai tambaye ni komai ba. Ya sa mini riga, ya ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ɗana, ka rage faɗa, haƙarƙarin ba su da yawa." Kullum da safe haka yake yi. Ranar farko kunya ta hana ni cewa na gode, yanzu ina faɗa.

Shi ya sa na fara tuno abubuwan da ban taɓa ɗauka komai ba. Dogo ne yake ɗaukar buhun fulawa na sama don ni gajere ne, yana tsokanata wai in ci wake in ƙara tsawo. Shi yake tura mini gefen burodi mai ƙonewa don ya san shi nake so. A asibiti shi yake riƙe mini kofi, ina sha ina hararar sa. Shekara goma sha ɗaya, ban tuna ranar da na ce masa na gode ba.

Ba tsoron igiya nake ji ba, wallahi. Tsoron da nake ji shi ne ya tafi bai ji daga bakina ba. Ki je kusa da kunnensa, ko yana ji ko ba ya ji, ki ce Auta ya tuna. Ki ce laifina ne tun daga farko har ƙarshe. Ki ce na gode da goyon da ya yi mini. Ba na roƙon yafiya, ban kai nan ba.

Ki ce wa matarsa marin da ta yi miki ni na cancance shi, nawa yana nan ajiye.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Gaisuwa da fatan haƙarƙari sun yi sauƙi. Ka ji ka, a ɗaure ma ba ka bar jikinka ya huta ba.

Dogo ya buɗe ido ranar Laraba da la'asar, muna cikin juya shi. Matarsa ta saki kafaɗarsa ta zube ƙasa, ni na riƙe shi. Abin da ya fara nema ruwa ne. Maganarsa tana fita a karkace, kuma hannunsa da ƙafarsa na hagu ba sa motsi. Likita ya ce ƙila su dawo, ƙila ba za su dawo ba.

Sai da ya kwana biyar na karanta masa wasiƙarka. Matarsa ta ce ba a gabanta ba, ta fita. Ya saurara har ƙarshe, ya juya fuska bango. Na tattara jakata zan tafi, sai ya ce in kawo takarda gobe. Ga ta nan a ciki, bakinsa ne, hannuna ne, ban ƙara ko wasali ba.

Ka gaishe mini da direban nan, ka tambaye shi girman rigarsa.

Yayarka

Auta,

Salamu alaikum. Na ji saƙonka.

Na yi zaton shiru taimako ne. Ban iya magana ba, kai ma ba ka iya tambaya ba.

An ce za a kai ni kotu a keken guragu. Abin da aka tambaye ni shi zan faɗa, ba ƙari ba ragi. Abin da alƙali ya yanke maka, ka yi shi.

Yafiya kuma ban sani ba tukuna. Wani lokaci ina jin na yafe, sai in so in sosa hancina da hagu in kasa, sai abin ya dawo sabo.

Amma ranar da ka fito, kada ka wuce ko'ina, ka zo gidana. Matata ba ta iya ɗaga ni zuwa banɗaki, bayanta ya fara ciwo. Kai ka kayar da ni, kai za ka riƙa ɗaga ni.

Ka daina faɗa a can. Ina bukatar bayanka da lafiya.

Wassalam,
Dogo