Kawuna Ne Ke Zare Wayar Reshenmu

Anti, don girman Allah ki ba ni shawara kafin ƙarshen makon nan, kaina ya kulle.

Ni injiniyar kwamfuta ce. Wani kamfanin sayar da injinan ban ruwa da kayan gyaransu ya ɗauke ni in haɗa masa babban ofis da rassansa na nesa a kan layin sadarwa ɗaya, yadda duk abin da aka sayar a reshe zai fito a manhajar kamfani, kowa ya san abin da ya rage a sito. Aiki ne da na yi da dukan zuciyata, har rufin kwano na hau da zani na ɗaura eriya. Rassa uku lafiya lau. Na huɗun, wanda ya fi nisa, shi ya hana ni sakat. Sabis ɗin can da rana kamar ɗigon famfo yake, shi ya sa na saita na'urar ta riƙa turo cinikin yini bayan an tashi aiki. To, ba ta turowa. Ranar nan aka sayar wa wani manomi inji a babban ofis, aka tura shi reshen ya ɗauka, ya yi hayar mota ya je, ashe an sayar da injin tun jiya. Ya dawo ya yi wa Oga, mai kamfanin, wankin babban bargo a gaban ma'aikata.

Na canza waya, na canza akwatin sadarwar, na zargi kamfanin sabis har muka yi cacar baki. Da abin ya ishe ni sai na tafi da kaina na yini a can. Manajan reshen kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, kuma shi ya kai sunana gaban Oga, yana ta alfahari wai 'yarsa ta karanci kwamfuta.

Anti, da lokacin tashi ya yi sai na ga Kawu ya naɗe hannun riga yana bin bango. Fanka, firiji, cajar waya, duk ya zare. Ya iso kan akwatina ya yi bisimilla ya zare shi, ya kashe batirin da na ajiye masa, ya ɗauko wani tsohon tawul ya lulluɓe shi. Har yana nuna mini yadda yake kula da kayana! Da safe kuma sai ya tuna yake mayarwa. Ni kuwa sai kawai bakina ya ce Allah ya saka da alheri.

Na san dalilinsa. Kawu ya taɓa mallakar shagonsa, gobarar wutar lantarki ta cinye shi ƙurmus, shi ya sa da furfurarsa yake aiki a ƙarƙashin wani. Ko a gida ba ya fita sai ya shafa kowane soket. Ta yaya zan dubi idonsa in ce ya bar abu a kunne ya kulle ƙofa ya tafi?

Yanzu Oga ya kira taron manajoji, ya ce in zo in faɗi inda matsalar take. In aikina ne, zai kawo wasu. In kuma mutum ne, ko wane ne ya tattara nasa ya nasa. Kowa ya san ya daɗe yana cewa tsofaffi ba za su iya da zamani ba. In na yi shiru aikina ya tafi, kuma wa zai sake ba ni irin wannan aiki? In na yi magana na raba Kawu da abincinsa. Mama ban ma iya gaya mata ba. Wallahi tsoro nake ji.

Taki, Mai Jan Waya

Mai Jan Waya, sannu, ki ja numfashi. Matsalarki ba ta kai yadda tsoro ya hura ta ba, amma ba ta son jinkiri.

Kawunki ba taurin kai yake yi ba. Wanda ya tsaya yana kallon shagonsa na ci da wuta yana da hujjar tsoron soket. Oganki ma ba mugu ba ne don ya nemi bayani, shi aka zazzaga wa masifa a gaban yaransa. Ke kuma, 'yata, bari in ɗan ja miki kunne: kin haɗa gine-gine biyar, amma ba ki zauna da mutanen da ke cikinsu kin gaya musu abin da za a taɓa da wanda za a bari ba. Wannan ma cikin aikin yake, kuma shi ne bai ƙarasa ba.

Gobe ki kama hanya. Ban da waya, ban da aike. Ki same shi shi kaɗai, ki gaishe shi yadda kika saba, ki gaya masa abin da ke faruwa da akwatin idan ya zare shi, da abin da Oga ya ce. Kada ki ce masa ya daina tsoro, ba zai daina ba. Ki tafi da mai gyaran wuta ya duba wayoyin shagon a gabansa, ya ja wa na'urar layinta daban mai makunnin da ke yanke wuta da kansa, a sa ta cikin akwatin ƙarfe nesa da kwalaye, a rataye tukunyar kashe gobara. Ki bar shi ya gwada da hannunsa. Sauran soket ɗin ya ci gaba da zare abinsa. In duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, ke ce injiniya: ki duba ko cinikin zai iya tafiya kaɗan-kaɗan da rana, ko a tura shi kafin a kulle ƙofa.

A taron kuma ban yarda ki yi ƙarya ba, ban kuma yarda ki ɗauki laifin duka ki tafi ba. Ki ce na'urar tana kan layi ɗaya da sauran kayan wuta, ana kashe su tare idan an tashi, ba ki yi wa reshen bayani tun farko ba, kuma ga shi an gyara. Duk gaskiya ne. Shugaban da aka kawo wa gyara a hannu ba kasafai yake neman wanda zai kora ba. Ban ce tabbas ba, amma wannan ce hanyar da ta fi ba ku dama ku biyun.

Kunyar da kike ji tarbiyya ce, na yaba. Sai dai a wannan karon ba kare shi take yi ba. Kawu zai iya jure jin maganar nan daga bakinki a cikin ɗaki. Abin da zai karya shi shi ne ya ji ta a gaban sa'o'in 'ya'yansa, sannan ya gane kin sani kika bar shi ya shigo taron bai san komai ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya tsare muku aikinku ke da shi.

Anti