Ta Goma Sha Biyar a Rochaubrin

Vénissieux, Lyon, 4 ga Maris 2024

Zuwa ga Yaya Huraira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da ƴarku Kyauta. Ya sanyi, ya kasuwa? Ni ma nan unguwar Minguettes lafiya lau, sai dai kaina da ya ɗaure. Takarda na zaɓa don na san halinki, saƙon murya a tsakiyar shago kike kunna shi, duk ƴan kasuwar Château Rouge su ji.

Kin san farfesana ya tura ni Rochaubrin, inda su Yaya Raliatou suke, in rubuta memuwar ɗina, kundin digirin nan, a kan ƙasar da mutanenta. Na yi murna, na ce ga masauki ga tuwo. Yaya, ƙauyuka biyar ne manne a jikin dutse, mita dubu ɗaya da ɗari biyu sama da teku. Daga Lyon jirgin ƙasa, sai bis, sai hanya ɗaya tak mai lanƙwasa ashirin da bakwai, na ƙirga su. Shekara ɗari da suka wuce mutum dubu uku ne a wurin. Yau shanu sun fi mutane yawa, rabin gidajen kuma a kulle suke sai lokacin zafi.

To mutanen nawa ne? Wallahi ban sani ba. Magajin gari, Mushe Chabanel, ya ce ɗari shida da goma sha biyu. Mai raba wasiƙu ya ce ina, ba su kai ɗari biyar da tamanin ba. Wata tsohuwa na tambaye ta su nawa ne a gida, ta ce biyu, na rubuta, ashe da karenta take nufi.

Amma ba wannan ya hana ni sukuni ba. Lakkol, makarantar yara, ɗaya ce ta rage a duk yankin, yara goma sha huɗu, har da Nasiru da Mariam na Yaya Raliatou. An gaya wa magajin gari in ba a rubuta yara sha biyar ba kafin ƙarshen Afrilu, za a rufe ta. Shekaranjiya ya kira ni ofis, ya buɗe mini takardun da mijin Yaya Raliatou, Malam Daouda, ya ajiye lokacin da aka ɗauke shi aikin jinya. Ƴaƴa uku ne a rubuce. Ta farko Hibatullah, shekara tara. Ya ce shi da bakinsa ya tambayi Madam ƴaƴanta nawa, ta ce biyu.

Wace ce Hibatullah? Ko rasuwa aka yi ina Damagaram ba a gaya mini ba? Na kasa tambayar Yaya Raliatou, kada in tono mata ciwo. Ke ce babba, kuma a gidanki suka zauna farkon zuwansu ƙasar nan. Don Allah ki warware mini.

Ki gaida Alhaji, ki shafa mini kan Kyauta. Na bar ki lafiya.

Ƙaninki,
Nouhou

Stains, Paris, 13 ga Maris

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, muna lafiya. Ya ibada, ya ƙishirwa?

Ikon Allah! Mu muka yi ta addu'a ka zo Faransa ka zama mutum, ashe ƙirga shanu da karnuka aka kawo ka. Tun yaushe ake ƙirga mutane kamar buhunan gero? Inna har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa faɗin mu nawa ta haifa ba, in an tambaye ta sai ta ce alhamdu lillahi. Kai ga ka da biro kana bi gida gida.

Ba wanda ya rasu, ka daina yi mana mugun baki. Biyu Raliatou ta ce wa Bature, to biyu ne. Ka auna dutsenka, ka zana taswirarka, ba takardun gidan mutane aka aike ka bincike ba. Shi kuma magajin garin in yara yake so, ya gaya wa mutanensa su haihu.

Ni dama ban taɓa gane abin da ya kai Daouda can ba. Wuri ba masallaci, ba mahauci, ko waya sai ka hau tudu kafin ta shiga. Duk faɗin Paris ba marasa lafiya ne?

Kyauta ta yi azumi biyu, rabi-rabi, ta ce lallai in gaya wa Kawu. Na ba Mai Moussa direba kilishi da yaji ya kawo maka. Kar ka sake rubuto mini wannan magana.

Allah ya yi maka albarka.

Yayarka,
Huraira

Vénissieux, 24 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Kilishi ya iso, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Kin ce kar in sake, amma ki yi haƙuri, na riga na yi ɓarna.

Na koma Rochaubrin satin jiya. Na tambayi Malam Daouda, ya sosa ƙeya ya ce, "Je ka tambayi yayyenka." Na tambayi Yaya Raliatou, ko kallona ba ta yi ba, ta tashi ta shiga kicin ta hau wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Na ce yau na shiga uku, ba a mutu ba, ba a ɓata ba, kuma ba a nan.

Ranar Juma'a bayan masallaci na tambayi Malam Kamalu, wani mutumin Maraɗi da ke karantar da yara a unguwarmu, ma'anar sunan. Ya ce Hibatullah ai kyautar Allah ke nan. Ina cikin metro abin ya faɗo mini, har na wuce tashata. Yaya, Kyauta ce? Kyautarki? Ina ɗan shekara sha biyar aka aiko Damagaram cewa an haihu a gidan Huraira a Paris, aka raba goro. A gidanki aka ce, ni kuwa na ɗauka ke ce. Shekara tara ba wanda ya gyara mini.

Ga ɓarnar. Don murnar ba rasuwa ba ce, na buga wa Mushe Chabanel waya na ce an same ta, tana Paris. Ya tambaye ni ko iyayen sun rabu ne, na ce a'a. Ko kotu ce ta ba ki ita, na ce a'a. Ko uwar ba ta son ta, na ce subhanallahi. Ya ce, "Mais alors, elle est à qui?" Wai to ta wace ce? Na fara yi masa bayanin riƙo da kunyar ɗan fari, Faransancina ya ƙare ƙaf. Na ce uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta sa shi a lissafi. Sai ya ce shekararsa sittin da takwas bai taɓa jin uwa ta tsallake ɗa a ƙidaya don girmamawa ba. Ni ma da na ji abin a bakinsa sai na rasa ta inda zan kare shi.

Yanzu duk ƙauyukan biyar sun ji. Tsofaffi suna tare ni a hanya suna tambayar yaushe ƙaramar za ta zo. In aka rufe lakkol, Nasiru da Mariam za su riƙa sauka ta lanƙwasar nan ashirin da bakwai zuwa wata lakkol kullum safe da yamma, cikin dusar ƙanƙara, kuma Malam Daouda ya ce shi ba zai yarda ba, gara su tashi.

A takardata akwai gurbin mutanen gida, akwai na baƙi. Ban san inda zan sa ta ba.

Ki yafe mini.

Nouhou

Stains, 2 ga Afrilu

Nouhou,

Na amsa sallamarka don wajibi ce.

E, ita ce. Ka ji daɗi? Ka gano, sai a ba ka digiri.

Shekara goma sha ɗaya ina gidan Alhaji ko ɓari ban taɓa yi ba. Raliatou ta haihu a ɗakina, ranar da ta yaye ta ta miƙo mini ita da hannunta, gaban Alhaji da Daouda, ta ce, "Yaya, ga taki." Ban roƙa ba. Ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na kai ta lakkol ranar farko tana riƙe da gefen zanena, ni ake kira in ta yi faɗa. Sunan takarda na malamanta ne, Kyauta ni na sa mata. Yarinyar ta san komai tun tana shekara bakwai, ba mu ɓoye mata ba, kai kaɗai ne a dangin nan ake raba goro kana cin naka ba ka tambayi na mene ne ba.

Yanzu don wani tsohon Bature ya rasa lamba ɗaya a takardarsa, sai a zo a ɗauke mini ƴa a cike gurbi? In yaro ɗaya suke nema, ga Stains nan, benenmu kaɗai ya fi ƙauyukansu biyar yara, su zo su roƙa. Me ya sa sai tawa?

Abin da ya fi ƙona mini rai, Raliatou ba ta ce mini komai ba. Jiya mun yi waya, ta tambayi farashin atamfa, ta tambayi ƙafar Alhaji, ta kashe. Ita take so ko ba ita ba? Kai ne ka aiko kanka, ko aiko ka aka yi? Na rasa gane kowa. Ina tsoro, Nouhou, ban taɓa gaya wa wani ba sai kai, kuma kai ɗin ma haushinka nake ji.

Ka gaida su in ka hau dutsen.

Huraira

Rochaubrin, 12 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Nouhou,

Assalamu alaikum. Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Ina fatan karatu na tafiya. Babansu Nasiru yana gaishe ka.

Na kasa yi maka magana ranar da ka zo, shi ya sa na rubuta. Ka jawo mini abin da ban san yadda zan yi da shi ba. Magajin gari ya zo gida da kansa, ya kawo cuku, ya cire hula, ya ce yana roƙona. Ya kira sunan yarinyar har sau uku a falona. Ni ban san inda zan sa idona ba.

Ban yi masa ƙarya ba. Ya tambaye ni, bakina ya ce biyu, haka aka koya masa. Ƴar Yaya ta Yaya ce. Ni na bayar, ba a ƙwace ba, kuma ba zan buɗe baki in ce a dawo da ita ba ko da lakkol goma za a rufe. In ta kama mu tashi, mu tashi. Ka gaya wa magajin gari sha huɗu ne.

Tunda takarda ce ba ido ba, bari in faɗa maka abu ɗaya, ka bar shi a cikinka. Tagar kicin ɗina tana kallon filin lakkol. In an tashi yara ƙarfe huɗu da rabi, akwai wata mai jar riga, tsawonsu zai zo ɗaya da ƴar Yaya. Kullum sai na tsaya har ta sha kwana. Ina kewarta, Nouhou, kewar da ban da ikon yi. Ban san ma lambar takalminta ba.

Kar Yaya ta ji wannan. Ta sha wahala a kanta fiye da ni.

Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Yayarka,
Raliatou

Vénissieux, 16 ga Afrilu

Yaya Huraira,

Assalamu alaikum, barka da salla. Ba wanda ya aiko ni, wautata ce kaɗai.

Kin tambaye ni ko Yaya Raliatou tana so. Na zauna in ba ki amsa, na yaga takarda huɗu. In na ce tana so, na yi mata ƙarya. In na ce ba ta so, nan ma ƙarya ce. Ga wasiƙarta nan na haɗo miki. Ta ce kar ki gani, na sani, na ci amanarta, zan ɗauki fushinta. Ban sani ba ko gyara nake ko ƙara ɓatawa.

Ranar talatin ga wata magajin gari zai aika da sunaye. In ban ji daga gare ki ba, zan ce masa sha huɗu, kuma ba zan sake ɗaga maganar ba har abada.

Ki gafarce ni. Ina gaida Alhaji.

Nouhou

Stains, 23 ga Afrilu

Auta,

Wa alaikumus salam.

Na karanta. Na ba Alhaji ya karanta, ya ce shawara tawa ce. Sai na zaunar da Kyauta na tambaye ta. Wallahi na so ta yi kuka ta riƙe ni. Ta tambaye ni ko da gaske akwai shanu.

Ka ce wa Baturenku sha biyar. Za ta ƙarasa wannan shekarar a nan, ƙarshen Agusta ni da kaina zan kawo ta, kar wanda ya zo ɗaukar ta.

Ba ta cin kifi. Madara tana sa mata ƙaiƙayi in ta yi yawa, su bi a hankali da cukun nan nasu. In ta yi shiru ba fushi ba ne, a ƙyale ta, za ta dawo da kanta. Kitso ba ta son a ja mata gaba. Ka rubuta duk wannan da kyau ka kai wa uwarta.

Kar ka kira ni a waya wannan satin.

Yayarka,
Huraira