Tiyon Man Jirgin Baba

Wara, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Yayana Lukman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya Kaduna, ya aiki? Inna tana gaishe ka.

Takarda na rubuto don a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Maganar Baba ce. Ran kasuwar da ta wuce ya ɗauko mutum talatin daga tsallake a jirginsa, suna tsakiyar ruwa sai ya kashe inji ya zauna. Tabawa mai kifi tana cikin jirgin, ta ce tambayarta ya yi ina za su. Baban da ya san kowane kututture da ke ƙarƙashin tafkin nan! Sai da ta ba shi fura ya dawo hayyacinsa.

Da ƙyar na ja shi asibiti a Yelwa. Likita abu uku yake zargi. Ko sukarinsa ke faɗuwa in ya sha ƙwayar ciwon sukarinsa ciki ba komai, ko maganin da ya shekara goma yana sha ya rage masa wani sinadari a jini, ko kuma ciwon ya taɓa ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Biyun farko suna da gyara. An ɗebi jini, sakamako sai bayan mako biyu, kuma an hana shi tuƙi kafin nan. Dariya kawai ya yi. Yaya, tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Yasira

Wara, 11 ga Oktoba

Yaya Lukman,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Anti, uwargidanka?

Ka ce in lallashe shi. Lallashi daga Kaduna ai da sauƙi yake.

Na gano yana azumin Litinin da Alhamis a ɓoye, ga ƙwaya yana sha da asuba. Limamin unguwa ya yi masa magana ya ajiye azumin, amma jirgi ya ce sai ya fita. Don haka shekaranjiya na cire tiyon man injin na tura ƙarƙashin katifata.

Na zaci faɗa zai yi, ya ce wani ya sace. Wallahi da hakan ya fi mini. Bai zargi kowa ba sai kansa. Kwana biyu ke nan yana zazzage komai, ɗaki, rumbu, har kwandon tarun kamun kifi. Yau na same shi bakin ruwa yana hawaye. Ya ce in har ya manta inda ya ajiye tiyon da ke hannunsa kullum, to kan nasa ya tafi ke nan, kada in faɗa maka.

Gobe kasuwa, mutane sun riga sun jibge buhuna a gaɓa. In na fito da tiyon zai ɗebe su. In na bar shi a ɓoye, ni ce ke ƙarasa shi.

Ya roƙe ni in taya shi nema. Na taya shi, Yaya, har la'asar.

Don Allah ka taho.

Taka,
Yasira