Kantun Riɗin Yaya Bala

Aikin farko na yau: wanke riɗi, a shanya kafin rana ta take.

Zuwa ga Yayana, Alhaji Bala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan kana kwance cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Suleja lafiya lau, sai kewarka. Ka san karatuna bai wuce sakandare ba, in maganata ta karkace ka yi haƙuri yadda ka saba.

Har ka zama darakta a ma'aikatar ciniki ban gama gane aikinka ba. Na dai san kana zama da mutanen wasu ƙasashe, ku yi ta ja-in-ja kan harajin da za su ɗora wa kayanmu da wanda za mu ɗora wa nasu. Inna cewa take, "Bala ai dillalin gwamnati ne." Ba ka taɓa musa mata ba.

Abin da na gane sarai shi ne shirin tafiyarka. Sai ka bar direba a Abuja, ka shiga motar haya zuwa kasuwar Diko, ka tsuguna gaban masu riɗi kana jin kukansu. Kakan ce, "Wanda bai san ƙanshin haja ba, ba ya yi mata kuɗi." Ka ƙulla kaɗan a leda, ka jefa a aljihun kwat.

Rannan ma'aikatan filin jirgin wata ƙasa suka ƙwace ƙullin, wai iri ne, ba a shiga da shi. Ka dawo kana dariya, ka ce to a soya, mu ga mai shuka kantu. Tun daga nan aikin ya dawo hannuna: kai ka sayo, ni in yi. Ka ce in magana ta cije a taro, kakan buɗe robar kantun ka miƙa musu, suna tauna kana ba su labarin matan da suka sheƙe shi.

Shekarar da ka ƙi sa hannu a wata yarjejeniya aka tsallake ka a ƙarin girma, ban ji ƙorafi a bakinka ba. Cewa kawai ka yi in ƙara citta a kantun.

Yaya, ga dalilin wasiƙar. 'Yarka Rukayya ta sami aiki a ma'aikatarku, jibi kuma za ta fita waje karon farko cikin tawaga. Tun rasuwarka ba ta tako gidan nan ba, sai gaisuwar sallah ta waya. Tsorona kada zumuncin ya bi ka kabari. Shi ya sa na wanke riɗi da safe, sannan na zauna ina tuhumar kaina. Wa ya aike ni? 'Yar Abuja, ina ruwanta da kantu? Na ɗora kasko, na sauke.

Bayan la'asar keke ya tsaya a ƙofar gida. Sai ga ta, takalminta duk taɓo, da baƙar leda a hannu. Ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, daga Diko nake. Baba ya ce nan ake kawowa. Amma don Allah a rage sukari, ina dayet."

Ban gaya mata nawa riɗin yana shanye can a lungu ba. Na karɓi nata, na ce bari in duba ko da tsakuwa a ciki, in gani ko an cuce ta. Ba a cuce ta ba, Yaya. Tsugunawa ma irin taka ta yi. Yanzu haka tana ɗakinka tana salla, nan za ta kwana.

Allah ya haskaka makwancinka, ya yafe maka, ya sa abin da ka tsare wa talakawa ya tsare ka. Ita kuma ya kai ta lafiya, ya ba ta kunnuwa irin naka.

Ƙanwarka,
Asabe

Na gobe:
Wanke riɗin Rukayya.
Aro babban kasko wurin Maman Ladi.
Nemo robarka mai jan murfi, ina jin tana ƙarƙashin gado.
Citta. A ƙara.