Rasuwar Muhandis Abdulquddus Sabo, Jagoran Zaman Warshar Rusaifa

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Sana'ar Hannu ta unguwannin Rusaifa da Zahir a Makka, ƙarƙashin Shugabanta Alhaji Idrisu Talal, ta samu labarin rasuwar ɗan'uwanmu kuma mai ba mu shawara kan gine-gine, Muhandis Alhaji Abdulquddus Sabo, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Litinin bayan gajeruwar jinya. An sallace shi a Harami bayan La'asar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Shara'i.

Marigayin haifaffen Makka ne, jikan mahajjatan da suka taso daga ƙasar Sakkwato suka zauna, kuma ya yi rayuwarsa yana zana gidaje da shaguna. Ƙungiya ba za ta manta da lokacin da ta samu fili a Rusaifa ba, domin gina warsha, wato ma'aikata, guda ɗaya da za ta haɗa teloli, kafintoci da mata masu dafa abincin alhazai, waɗanda duk sun gaji da aiki a ƙuntatattun ɗakunan haya. Da muka roƙe shi ya kawo mana zane, cewa ya yi: "Ya jama'a, ni ban taɓa ɗinka riga ba, ban taɓa ɗora tukunyar alhazai ba. Ku zo mu zauna, ku koya mini aikinku, ni kuma in koya muku karanta zane."

Haka aka fara zaman Alhamis, kuma ba a fara shi da daɗi ba. Teloli suka ce ƙurar katako za ta ɓata musu yadi, kafintoci suka ji haushi har suka yi niyyar janyewa, abin da zai rusa aikin gaba ɗaya. Marigayin bai yanke wa kowa hukunci ba. Ya kwashi teloli ya kai su wurin kafintoci suka yini, ya kai kafintoci madafar Hajiya Nora, shugabar mata masu girki, suka ga zafin da ake sha. Da aka dawo, su da kansu suka mayar da kafintoci bayan gini da ƙofarsu daban, teloli a sama inda haske yake, madafa kuwa kusa da titi saboda motocin da ke kai abinci Mina. Ya kuma tsaya a kan duk maganar da aka yi da Hausa a maimaita ta da Larabci, don kada 'ya'yanmu da Larabci ya fi zama a bakinsu su zauna shiru.

Allah bai nufa ya ga an aza tubali ba, kuma mun san wasu suna tambayar ko aikin zai tsaya. Ba zai tsaya ba, in sha Allahu, domin babu ɗaki ɗaya a zanen da mambobinmu ba su san dalilinsa ba. Abokiyar aikinsa, Muhandisa Raghad Nawaf, ta amince ta ci gaba da jagorantar zaman.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mai ɗakinsa Hajiya Minnatullah, da 'ya'yansa Sami da Manar, da dangi na nan da na gida Najeriya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, Ya ba iyalansa haƙuri da juriya.

Muna kuma sanar da mambobi cewa da shugabanni suka je gaisuwa suka ambaci ɗage zaman wannan mako, Hajiya Minnatullah ta ce: "Kada ku ɗage. Ku zo nan Zahir ku yi shi a falonsa, na ji yana cewa maganar matakala ba ta ƙare ba." Don haka za a hallara a gidan marigayin ranar Alhamis bayan La'asar.

Sa hannu:
Malam Abdulilah Idris
Kakakin Ƙungiya