Shamuwa ta sauka da wuri, ɗana ya ce kar a binne iri

Malama Raudatu, don Allah ki shiga tsakanina da ɗana Hamisu kafin magana ta fita gari. Ban yi lakwal ba, wato boko, maƙwabcina Tanimu ke rubutawa ina faɗa, na kuma hana shi gyara mini zance.

Manomi ne ni a Dogo. Tun rasuwar mahaifina ni ake tambaya lokacin binne, wato zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan farko. Alamata shamuwa ce. In ta sauka kan tsamiyar bayan gidana da wuri, ruwa na kusa. Bana har ta fara sheƙa.

Hamisu na karatu a iniversite a Damagaram, wani ilimin lissafi wai istatistik. Da hutu ya zauna yana tambayata shekara-shekara, yaushe shamuwa ta zo, yaushe ruwa ya kankama. Na ɗauka tarihi yake so, na zazzage masa: shekarar fara, shekarar da rijiyar kasuwa ta rufta, har shekarar da aka haife shi, ina ta jin daɗi. Ashe rami yake haƙa mini. Sai ga shi da takarda cike da ɗige-ɗige, kowane ɗigo shekara guda. Wai da a ce shamuwa da ruwa suna tafiya tare sosai, da ɗigon sun jeru kamar hanyar tururuwa, nawa kuwa sun watse kamar tsakin kaji. Wai wata shekara ruwa ya biyo ta nan da nan, wata kuwa yayyafi ya tsirar da iri rana ta ƙone shi.

Bara ba a samu ba, Malama. Irin da ke rumbu shi ke nan, in ya ƙone babu na sake shuka. Ranar Juma'a bayan salla zan ce a binne, shi kuma ya ce zai miƙe ya faɗi nasa. Ni ba na janyewa. Ki gaya masa ido ya girmi takarda.

Dattijo daga Dogo

Baba, Allah ya ƙara girma. Takardar nan ba ta ƙaryata ka ba, don duk ɗigon da ke cikinta daga kanka ya fito. Abin da ta nuna shi ne akwai alaƙa tsakanin zuwan shamuwa da ruwa, sai dai igiyar sako-sako ce.

Ka san gonaki biyu da in an haɗa damman shekaru aka raba daidai za su tashi ɗaya, amma wannan kullum tana ba da abinta, waccan bana tuli, baɗi wayam. Wannan bambancin Hamisu ke aunawa: yadda shekaru ke nisa da matsakaicinsu. Mai iri da yawa zai iya bin matsakaici. Wanda irinsa ɗaya tal, shekarar da ta fi muni ya kamata ya kalla.

Hamisu ma yana da nasa laifin. Ɗa ba ya musa wa uba a ƙofar masallaci, kuma lissafin da aka gina kan tunanin mutum guda yana buƙatar awon ruwa na masu meteyo, ma'aikatan yanayi, ya tallafe shi.

Kafin Juma'a ka kira shi ɗaki, ya nuna maka ɗigon da suka fi bauɗewa, kai kuma ka tuno masa yadda iska da zafi suka kasance a waɗannan shekarun. Wannan ba shi da shi, kai ke da shi. Ranar Juma'a kuwa kai za ka yi magana, yana tsaye a bayanka: a binne kaɗan, a riƙe mafi yawan iri sai ruwa ya jiƙa ƙasa sosai. In ya zo da wuri an riga an fara, in ya yi jinkiri rumbu bai tashi fanko ba.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya bar ka da ɗanka lafiya.

Malama Raudatu